Da Wane Suna Za Ka Ƙetare?

Ɗan'uwana mai karatu, idan ka taɓa tsayawa a layi da sassafe a ƙofar ofishin jakadancin wata ƙasa a Abuja ko Legas, rungume da jakar takardu, ka san irin shirun da yake sauka a kan mutane a wurin. Kowa ya sa tufafinsa mafi kyau, kowa yana bitar amsoshinsa a zuci. Wani ya sayar da gonar gado kafin ya zo, wata kuma 'yan'uwanta ne suka yi karo-karo suka haɗa mata kuɗin mota da na masauki. Sa'ad da layi ya iso kanka, sai ka tsaya gaban gilashi, wani baƙo da bai taɓa ganinka ba ya yi maka tambaya uku ko huɗu. Kafin ka gama haɗiye yawu ya turo maka fasfonka tare da 'yar takarda mai nuna an hana ka biza. Shirin shekara biyu ya rushe cikin 'yan mintoci, kuɗin da ka biya kuwa ba a mayarwa.

Kana fitowa, ko bayan kwana biyu, sai wani mai daɗin baki ya same ka. Zai ce maka laifinka ɗaya ne, ka cika faɗin gaskiya. Yana da wanda zai zuba kuɗi a asusunka na banki na ɗan lokaci don takardar ta yi nauyi. Yana da wasiƙar aiki daga kamfanin da ba ka taɓa taka ƙofarsa ba. In kana so, akwai takardar aure da matar da ba ka sani ba, ko sabon suna da sabuwar ranar haihuwa, ko labarin tsanani da za ka haddace. A nan tambayar da nake so mu duba tare take tasowa: mai bin Almasihu yana da izini ya yi ƙarya a bakin iyaka, idan ya ga an rufe masa ƙofa ba bisa adalci ba?

Kafin in amsa, wajibi ne in yarda da abin da yake cin ranka, gama kukan naka yana da tushe. Dokar Amurka tana ɗaukar duk mai neman bizar ziyara a matsayin mai niyyar zama dindindin, sai shi da kansa ya tabbatar da cewa zai dawo. Wato tun kafin ka buɗe baki ana zarginka. A shekarar 2023 an ɗaga kuɗin neman wannan biza zuwa dala 185, a 2024 kuma kuɗin bizar ƙasashen Turai masu iyaka ɗaya ya kai yuro 90, ko an ba ka ko an hana ka. A cikin wannan shekara ta 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗalibai baƙi, da masu zuwa aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya, su kawo mata da 'ya'yansu. Mutumin da aka haifa a wata ƙasa yakan ɗauki fasfonsa ya shiga ƙasashe da dama ba wanda ya tambaye shi nawa ne a asusunsa, alhali ba wanda ya zaɓi inda za a yanke masa cibiya. Mu ma hannunmu ba tsabtatacce ba ne a wannan sha'ani. Ghana ta kori baƙi a 1969, cikinsu har da 'yan Nijeriya masu yawa, Nijeriya kuma ta kori baƙi sama da miliyan ɗaya a 1983, da yawansu 'yan Ghana. Ko'ina aka ja iyaka, talaka ne ya fi jin zafinta.

Ka kuma sani cewa sha'awar tafiya ba zunubi ba ce. Littafi Mai Tsarki cike yake da matafiya. Yunwa ta kai Na'omi da mijinta ƙasar Mowab, aminci ya kawo Rut Baitalami ta zama kakar mahaifin Sarki Dawuda. Ubangijinmu Yesu kansa, yana jariri, an gudu da shi Masar da dare don tsoron Hirudus. A Littafin Firistoci sura ta 19 Allah ya umarci jama'arsa su riƙe baƙon da yake zaune a cikinsu kamar ɗan gari, yana tuna musu cewa su ma sun yi baƙunci. Saboda haka uban da yake neman inda zai ciyar da 'ya'yansa, da yarinyar da take neman karatu, ba su yi abin kunya ba. Maganarmu ta shafi hanyar da za a bi.

Bari mu koma Farawa sura ta 12. Yunwa ta yi tsanani a Kan'ana, Abram ya nufi Masar neman abinci, ɗan ci-rani kamar kowa. Da ya kusa shiga ƙasar sai tsoro ya kama shi. Ya dubi kyan matarsa Saraya, ya yi lissafi cewa Masarawa za su kashe shi don su ɗauke ta, sai ya roƙe ta ta ce ita 'yar'uwarsa ce. Maganar ba ƙarya ce tsagwaronta ba, gama daga baya an nuna mana cewa ubansu ɗaya. Rabin gaskiya ce da aka shirya don ta ɓatar da mai ji, irin wadda dillalan biza suka ƙware a kanta. Dabarar kuwa ta ci. Abram ya shiga lafiya, ya sami tumaki da shanu da jakuna da raƙuma da barori. Da a zamaninmu ne, da ya aiko da hotuna gida, dangi suna ta sa albarka.

Amma a cikin wannan nasara ina Saraya take? Tana gidan Fir'auna. Kowane raƙumi da ya shigo garken Abram kuɗin mutuncin matarsa ne. Annoba ta sauko wa gidan sarkin da bai san an ruɗe shi ba, har ya zama mai bautar gumaka ne ya kira mutumin Allah yana tsawata masa a kan gaskiya. Daga nan aka haɗa shi da masu rakiya suka fitar da shi daga ƙasar. In da harshen yau ne, sai mu ce an tasa ƙeyarsa. Abin bai tsaya nan ba. Ya sake yin wannan dabara a Gerar, ɗansa Ishaku kuma ya taso ya maimaita ta da Rifkatu a garin nan ɗaya. Ƙaryar da uba ya yi don ya tsira ta zama gadon gida.

Abin da wannan labari yake koya mana shi ne, ƙaryar bakin iyaka kullum tana da wanda yake biyan kuɗinta. Mai yinta yakan ce wa kansa, ai gilashi na yi wa, ai gwamnatin masu kuɗi ce, wa na cuta? To, bari mu ƙirga. Akwai matar da mijinta ya sake ta a takarda don ya auri wata a can, da alkawarin cewa na ɗan lokaci ne. Tana zaune da 'ya'ya a gidan surukai, a gaban Allah matar aure, a gaban doka bazawara, shekaru suna wucewa. Akwai 'ya'yan da aka koya musu su kira mahaifiyarsu inna ko goggo a gaban jami'ai. Akwai ɗalibin kirki da zai zo bayanka da takardunsa na gaske, wanda za a duba da ido mai zargi domin jabun da aka kama kafin shi. Duk lokacin da aka gano takardar bogi, ƙofar takan ƙara ƙunci ga dukan masu riƙe da fasfo irin naka. Ka ga ashe maƙwabcinka ne a bayan gilashin.

Akwai wata irin ƙaryar da ta fi taɓa mu masu bi na arewa. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta tanadi mafaka ga wanda yake tsoron tsanani saboda addininsa, ko launin fatarsa, ko ƙasarsa ta asali, ko ra'ayinsa na siyasa, ko rukunin jama'ar da yake ciki. Wanda ya gudu da rigar jikinsa ba ya tsayawa tattara shaida, don haka shari'arsa takan rataya ne a kan ko an gaskata bakinsa. Shekarun baya wani saurayi na ikilisiyarmu ya same ni bayan sujada. Yana so in rubuta masa wasiƙa da hatimin ikilisiya, in shaida cewa an ƙone gidansu a rikici, ana kuma farautar ransa saboda bangaskiya. Na san gidansu, yana nan tsaye. Ya ce, “Baba, sa hannu kawai za ka yi. Ai an ƙone na wasu, ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.” Gaskiyarsa ce, an ƙone na wasu. A benci na biyu a majami'ar nan akwai gwauruwar da ta binne mijinta, ta fito daga tokar gidanta da 'ya'ya a hannu. Abin da yake roƙona shi ne in ɗauki hawayenta in ba shi aro. Na ce masa zan rubuta duk abin da na sani na gaskiya game da halinsa da hidimarsa, amma wannan ba zan iya ba. Ya fita ransa a ɓace, ya yi watanni ba ya gaishe ni. Ban ji daɗi ba ko kaɗan, gama na san ya gama makaranta ba aiki, na kuma san mahaifiyarsa da shi ta dogara. Duk da haka, ran da gwauruwar nan ko ɗanta za su tsaya gaban alƙalin mafaka, ina so hatimin ikilisiya ya kasance da sauran daraja.

Mai yiwuwa ka ce, to ungozomomin Masar fa? A Fitowa sura ta 1, Shifra da Fu'a sun ƙi kashe jariran Ibraniyawa, suka ba Fir'auna amsar da ba ita ce ainihin dalili ba, Allah kuwa ya yi musu alheri. Rahab ta ɓoye 'yan leƙen asiri ta ɓatar da masu nemansu, aka kuma lissafta ta cikin jaruman bangaskiya. A lokacin yaƙin duniya na biyu akwai masu bi da suka yi wa Yahudawa takardun jabu don su tsira daga kisa, ikilisiya tana tunawa da su da girmamawa. Wannan tambaya ce mai nauyi, manyan malamai sun daɗe suna kokawa da ita. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya rubuta littattafai biyu a kan ƙarya. Shi a ganinsa babu ƙaryar da take halal, abin da Allah ya sāka wa ungozomomin nan shi ne jinƙansu da tsoron Allah da suka nuna. Wasu malaman kuma sun ce mai kisa ba shi da hakkin a gaya masa inda wanda yake nema ya ɓuya. Ko wanne ka bi a cikin ra'ayoyin biyu, ka lura da abin da waɗannan mutane suka yi tarayya a kai. Rai ne a bakin takobi, ran wani ne kuma, su ne suka ɗauki hatsarin a kansu, ba su ci ribar ko kwabo ba. Idan da gaske kana gudun mutuwa, ba ka bukatar ƙirƙiro labari, naka ya isa, yarjejeniyar nan ta 1951 ma ta ce kada a hukunta ɗan gudun hijira don ya shiga ba takarda, muddin daga inda ransa yake cikin hatsari ya fito, ya kuma gabatar da kansa ga hukuma ba jinkiri. Idan kuwa albashi mai kauri kake nema, abin nema ne mai kyau, amma kada ka ari mayafin Rahab ka rufe shi.

Yanzu ka dubi abin da ƙaryar take yi wa mai ita. Yakubu ya tsaya gaban mahaifinsa makaho, sanye da tufafin wansa, da fatar akuya a hannu da wuya, ya amsa sunan Isuwa. Ya sami abin da yake so, amma ba da jimawa ba ya zama ɗan gudu. Shekara ashirin ya yi a gidan Laban, inda shi ma aka ruɗe shi a daren aurensa, aka yi ta sauya masa lada. Mutanenmu da yawa suna cikin wannan hali a yau. Suna aiki da takardar wani, mai takardar yana yankar rabonsa a albashi. Maigida ya cuce su, ba su iya kai ƙara. Ciwo ya kama su, suna tsoron asibiti. Mahaifiya ta rasu a gida, ba halin zuwa jana'iza, domin in an fita ba dawowa. Dokokin ma ba sa mantuwa, tun da yanzu ana ɗaukar zanen yatsu ana adanawa. A Amurka wanda aka kama da yaudara a neman biza ana iya hana shi shiga har iyakar ransa, a Birtaniya ana iya hana shi shekara 10. Wanda ya wuce wa'adinsa a Amurka da fiye da kwana 180 sannan ya fita, ana rufe masa ƙofa shekara 3, in ya kai shekara guda ko fiye, shekara 10. Ko zama ɗan ƙasa da aka samu ta hanyar yaudara ana iya ƙwacewa. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Ƙofar da ka shiga da ita, kai ne za ka zama mai gadinta dare da rana.

Sa'ad da Yakubu yake komawa gida, ya tsaya shi kaɗai da dare a mashigin Yabbok, aka yi kokawa da shi har wayewar gari. Ya nemi albarka, amma kafin a ba shi sai aka tambaye shi sunansa. Mai tambayar ya san amsar. Yana so ne mutumin da ya taɓa karɓar albarka da sunan wani ya furta nasa da bakinsa. Da ya faɗa, sai aka ba shi sabon suna, ya ƙetare yana ɗingishi, amma ba ya gudu kuma. Allah ba ya sa albarka a kan sunan aro. Kai yake nema, da ranar haihuwarka ta gaskiya da ɗan abin da yake asusunka.

Akwai wata hanya, Nehemiya ya bi ta. Ya yi azumi da addu'a, ya tsaya gaban sarkin Farisa da tsoro a ransa, ya faɗi inda za shi da abin da zai yi, ya yanka lokacin dawowarsa, ya roƙi wasiƙun da za su ba shi izinin wucewa ta hannun gwamnoni. Manzo Bulus ma bai ji kunyar amfani da haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma ba, har ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Don haka ka yi shiri da kyau. Ka karanta sharuɗɗan da kanka, ka cika takardunka da hannunka ko a gaban idonka, domin duk abin da dillali ya rubuta da sunanka, kai za a tuhuma. Ka yi hattara da mai sayar maka da gurbin aiki a ƙasar waje, mutane da yawa sun biya dukiyarsu suka isa suka tarar ba aikin. In an hana ka, ka sake nema in halinka ya canja, ka ɗaukaka ƙara inda doka ta yarda. In kuwa ƙofar ta ƙi buɗuwa bayan ka yi iyakar ƙoƙarinka, to, a nan ne za a gane ko wa ka dogara. Ruhu Mai Tsarki ya taɓa hana Bulus shiga Asiya da Bitiniya, ta haka bishara ta ƙetara zuwa Makidoniya. Ba zan yi maka alkawari cewa kowace rufaffiyar ƙofa tana da wadda ta fi ta a gefe ba, wani lokaci abin da ya rage shi ne haƙuri da talauci. Abin da na tabbata shi ne, Allahn da kake tsammani zai ciyar da kai a can, yana nan a wannan gefen iyaka.

Mu ikilisiya ma muna da namu laifin. Mukan tashi da guɗa sa'ad da wani ya ba da shaidar samun biza, ba ma tambayar ta wace hanya. Mukan ba mai aiko da kuɗi daga waje kujerar gaba, wanda aka dawo da shi hannu wofi kuma mu bi shi da raɗa, har ya daina zuwa sujada. Da wannan hali muna koya wa matasanmu cewa gara su ɓace a hamadar Agadas ko a tekun Bahar Rum da su dawo ba komai. Abram da ya fito daga Masar, wurin bagaden da ya gina tun farko tsakanin Betel da Ai ya koma, ya yi kira ga sunan Ubangiji. Kamata ya yi ikilisiya ta zama wannan bagade ga duk wanda aka tasa ƙeyarsa, ta karɓe shi da ruwan sha da abinci, ta taimake shi da jari ko sana'a.

In kuwa wannan littafi ya same ka a can, ka riga ka shiga da ƙarya, ba na rubuta wannan don in ƙara maka kaya ba. Ka fara da furta abin a gaban Allah da ainihin sunansa, ka daina kiransa dabara. Kada ka ƙara wata ƙaryar a kan ta farko, kada kuma ka jawo ƙaninka ta wannan hanya. Ka nemi lauya mai rajista wanda ya san dokar shige da fice, ka gaya masa gaskiya duka, ka ji abin da doka ta bar maka. Ka gyara da waɗanda suka biya kuɗin tafiyarka da hawayensu, musamman matarka da 'ya'yanka. Hanyar tana iya zama mai tsada, tana iya ma kai ka gida. Bulus ya mayar da Onisimas wurin Filimon da wasiƙa a hannu, ya kuma ce a ɗora bashinsa a kansa. Kai ma kana da Mai Ceto wanda ya ɗauki bashinka, ba zai bar ka ka yi wannan tafiya kai kaɗai ba.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allah, kai da ka san baƙunci ta wurin Ɗanka, ka dubi 'ya'yanka da suke tsaye a ƙofofin al'ummai. Ka ba masu hukunci zuciyar adalci, ka ta'azantar da waɗanda aka hana, ka tsare waɗanda suke ɓoye cikin tsoro, ka rungumi waɗanda aka dawo da su. Ka ba mu ƙarfin hali mu amsa sunanmu na gaskiya a gaban mutane da gabanka, ko mun tafi ko mun zauna. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.